Randa, Leda da Gwangwanin Madara: Kimiyyar Yara a Tsakar Gida

Jawabin kwamitin ilimi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 Ma'aji ta gama karanta mana lissafi, kowa ya ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu 'yan kwamitin ilimi ba maganar kuɗi muka zo da ita ba. Maganar yara ce, da wata tambaya tasu da ta addabi kowace uwa a wurin nan: "Umma, me ya sa?"

Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Me ya sa hadari yake tasowa daga gabas? Ina ruwan da aka zubar a tsakar gida yake tafiya? Tambayar nan kuwa ba ta tashi zuwa sai uwa tana tsakiyar tuƙin tuwo, ko man suya ya yi zafi ga mai sayen awara tsaye a bakin ƙofa. Amsar da ta fi kusa da baki a lokacin ita ce, "Tafi ka ba ni wuri." To roƙon da muka zo da shi yau shi ne, ko sau ɗaya ne a mako, a musanya wannan amsa da wata: "Zo mu gwada mu gani." Abin ba ya bukatar sai uwa ta yi boko, ba ya kuma cin kuɗi. Kayan aikin duk suna gidajenmu, wasunsu ma a bola muke zubar da su.

Mun zaɓi maganar zafi da yanayi ne don su suka fi damun rayuwarmu. A watan Afirilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, alhali jikin ɗan'adam mai lafiya a kan digiri 37 yake. Mu ma nan ba sai an gaya mana yadda bazara take ba. Yaran nan a cikin wannan zafi za su girma, su yi noma, su yi sana'a, su gina gidajensu. A makaranta ana koya musu waɗannan abubuwa, amma galibi a kan allo ne, da Turanci, a haddace a rubuta jarrabawa a manta. Makarantu nawa ne a unguwanninmu ke da ɗakin gwaje-gwaje? Gani kuwa ya kori ji.

Mu fara da mai sauƙi. A samo gwangwanin madara biyu masu girma ɗaya. A shafe ɗaya da baƙin gindin tukunya har ya yi baƙi ƙirin, ɗayan a shafa masa farar ƙasa. A zuba musu ruwa daidai wa daida, a ajiye su kusa da juna a rana da tsakar rana. Kafin a bar wurin, a tambayi yaro: wanne kake jin zai fi zafi? A ƙyale shi ya faɗi nasa, ko da bai yi daidai ba kada a gyara masa. Bayan awa ɗaya ya dawo ya tsoma yatsa da kansa. Ruwan baƙin gwangwani zai fi ɗumi, domin baƙi shanye hasken rana yake yi ya mai da shi zafi, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa. Daga nan yaro ya gane dalilin da ya sa ruwan baƙin tanki ba ya taɓuwa da azahar, uwa kuma ta sake tunani kafin ta sa wa 'yar shekara biyar baƙaƙen kaya masu kauri a watan Afirilu.

Akwai ƙa'ida ɗaya da muke so a riƙe a duk gwajin da za a yi: abu ɗaya tak ake canzawa. Gwangwani iri ɗaya, ruwa daidai, wuri ɗaya, launi kaɗai ya bambanta. Masu ƙosai a cikinmu sun fi kowa sanin wannan. In ƙosai ya ƙi tashi, kika canza wake, kika canza mai, kika canza wuta duk a rana ɗaya, gobe ko ya yi kyau ba za ki san wanne ne ya gyara shi ba. Masana da ke manyan jami'o'i ma da wannan ƙa'idar suke aiki, ba wata ba.

Tun da gwangwanin suna nan, washegari a wanke su, a sake zuba ruwa, a kife wa ɗaya kwalbar gilashi ko a rufe shi da farar leda mai shara-shara, ɗayan a bar shi a buɗe. Wanda aka rufe zai fi zafi, don haske ya shiga, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Haka mota take in an rufe tagoginta a rana. Shi ya sa ba a barin yaro a cikinta, ko da cewa aka yi "yanzu zan dawo", kuma a gargaɗi yara kada su shiga motar da aka ajiye da sunan wasan ɓuya. Manyan yara kuma in sun tambayi abin da ake kira ɗumamar duniya a rediyo, wannan misalin zai kusanta musu shi: iskar da ke fita daga ƙona fetur da gas da kwal tana taruwa a sama, tana hana wani ɓangare na zafin ƙasa ficewa.

Sai na cokula. A zuba ruwan zafi a kofi, ba tafasasshe ba, a tsoma cokalin ƙarfe da na roba da ɗan guntun itace, a ɗiga man shanu ko man kaɗe a saman kowanne. Na kan ƙarfe ne zai fara narkewa. Yarinya ta ga dalilin da ya sa muciya ta itace ce. In ta ɗaga kai ta kalli rufin kwano, ta gane abin da ya sa ɗakin ke zama kamar tanda da rana, alhali soron Kaka mai kaurin bango da rufin azara yana da sanyi. Mu dai a ganinmu an yi saurin raina ginin ƙasa. Ba mu ce kowa ya rushe bulo ya koma tubali ba, amma iyayen gida da ke zaune a nan, in an tashi gini a sa silin, a yi tagogi masu kallon juna, a bar wurin bishiya.

Yanzu mu zo kan randa, don nan ne maganar ta fi shafar sana'armu. A ce wa yaro ya jiƙa hannu ɗaya, ya bar ɗaya a bushe, sannan a yi wa duka biyun fifita da mafici. Wanne ya fi jin sanyi? Mai ruwan. Dalili shi ne, ruwa in zai bushe ya bi iska, sai ya kwashi zafi daga jikin abin da yake kai ya tafi da shi. Wannan jimla ɗaya in yaro ya riƙe ta, ya riƙe babban ilimi. Randa ta yumɓu tana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, yana bushewa a bayanta, yana ɗauke zafin ruwan da ke ciki. Bokitin roba ba ya tsattsafo, don haka ba ya sanyaya komai. A cika tulu da bokiti daga rijiya ɗaya ko famfo ɗaya da safe, a ajiye su a inuwa ɗaya, da la'asar yaro ya ɗanɗana. Mai son ƙarawa, ta naɗe wani tulun da leda ta ɗaure, ta gani ko zai yi sanyi. Ba zai yi ba, don an toshe masa hanyar bushewa.

Da wannan sanin ne marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya yaɗa abin da ake kira randa cikin randa. Ana samun babbar tukunyar ƙasa da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sharkaf, a zuba kayan miya a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara. Ana ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Shi ke nan. Babu lantarki, babu fetur. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya a kan wannan aiki. Rahotannin da aka bayar a lokacin sun nuna yalon da kan lalace cikin kwana 3 yana kaiwa kwana 27 a ciki, tumatir da tattasai kuma suna yin mako uku. Abin da ya fi taɓa mu a labarinsa shi ne dalilin da ya riƙa bayarwa: in kayan lambu ba sa saurin ruɓewa, ba dole a tura yarinya talla kullum don a rabu da su kafin su lalace, sai ta samu ta je makaranta. Ku duba fa, daga tukunya biyu da yashi.

To kada mu tsaya a kan abin da rahoto ya ce. A ba yara su tabbatar da kansu. A sayo tumatir shida masu nuna ɗaya, uku a cikin randar, uku a kan faranti a gefenta. Kowace safiya yaro ya duba, ya rubuta ko ya ja layi a bango da gawayi, har ranar da kowanne ya lalace. A yi gwajin da bazara, a sake yin sa a tsakiyar damina. Za a ga a watan Agusta randar ba ta aiki kamar yadda ta yi a watan Maris. A bar yaro ya yi tunanin dalili. In ya cije, a tuna masa da wanki: yaushe shanya ke saurin bushewa, da hunturu ko da marka? Iskar damina ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta karɓar wani ruwa da sauri, bushewa ta ragu, sanyayawa ma ta ragu. Mu ƙara da gargaɗi: wannan randa ba firji ba ce. Ta kayan lambu ce da 'ya'yan itace da ruwan sha. Ba a dogara da ita wajen ajiye ɗanyen nama ko kifi.

Jikinmu ma randa ne. Zufa ita ce tsattsafonmu, in ta bushe sai jiki ya yi sanyi. Kamar yadda ake ƙara wa yashi ruwa, haka yaro yake bukatar shan ruwa akai-akai da bazara, tun kafin ya ce yana jin ƙishi. Wanda kuma ya daɗe a rana, jikinsa ya yi zafi rau, ya fara jiri ko sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa, a yi ta fifita, a garzaya da shi asibiti. Jaririn da bai kai wata shida ba shi kam nono ya ishe shi ko da zafi, sai dai uwar ta yawaita shan ruwa ta yawaita ba shi.

Ina ruwan da ya bushe yake tafiya? Wannan gwajin yara sun fi son sa, don kamar dabo yake. A zuba ruwa kaɗan a baho, a narka gishiri a ciki har yaro ya ɗanɗana ya yamutsa fuska. A ajiye kofi marar komai a tsakiyar bahon, a rufe bakin bahon da farar leda a ɗaure tam, a ɗora tsakuwa a kan ledar daidai saitin kofin don ta ɗan lotsa. A bar shi a rana yini guda. Tururi zai tashi, ya taru a cikin ledar kamar raɓa, ya gangaro wajen tsakuwar, ya riƙa ɗiga a kofin. Da yamma a ba yaro ya lasa. Babu gishiri! Ruwan ya tashi ya bar gishirin a ƙasa. Duk uwar da ta taɓa ɗaga marfin tukunya ta ga ɗigon ruwa a cikinsa ta riga ta san wannan. Haka rana take ɗaga ruwa daga teku, ya hau sama inda ake sanyi, ya zama gajimare, ya sauko mana garai-garai ba gishiri.

Ruwan daminarmu daga Tekun Atilantika iska take kwaso danshinsa, tana busowa daga kudu maso yamma. Shi ya sa damina ke fara sauka a Legas da Fatakwal tun da wuri, ta biyo Abuja da Kaduna, kafin ta iso Kano da Katsina da Maraɗi. Da hunturu kuma iskar ta juya, ta riƙa zuwa daga arewa maso gabas, ta hamada, a bushe. A ɗaura ɗan ƙyalle a kan dogon kara a kafa a fili, yara su riƙa lura da inda yake kaɗawa a watan Janairu da kuma watan Yuli. Mai wayo a cikinsu zai ce, to in danshi daga kudu yake zuwa, don me hadari ke tasowa daga gabas? A yaba masa, tambaya ce mai kyau. Iskar da ke can sama, inda hadarin yake, ba hanya ɗaya take bi da ta ƙasa ba. Daga gabas take tafiya zuwa yamma, ita ke turo hadarin.

In hadarin ya zo da walƙiya, a ce su ƙirga daga ganin haske zuwa jin tsawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ke nan. In ƙirgen yana raguwa, hadarin matsowa yake. Amma a cikin ɗaki ake wannan ƙirge, ba a fili ba, ba kuma a gindin bishiya ba.

Awon ruwan sama shi ne wanda muke so kowane gida ya yi, don yana da amfanin da za a gani a aljihu. A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A kafa shi a fili, nesa da bango da bishiya da indararo, a ɗan ɗaga shi yadda kaji da awaki ba za su ture shi ba. Duk safiyar da aka yi ruwa, yaro ya tsoma siririn tsinke, ya auna tsawon inda ya jiƙe da rular makaranta, ya rubuta da kwanan wata, ya zubar da ruwan. Milimita ɗaya a gwangwani na nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. To ga lissafi ga 'yan firamare aji biyar. Ɗaki mai rufin mita 5 da mita 4, in aka yi ruwa na milimita 20, lita 400 ke nan ta zubo daga kansa, wato jarka 16 ta lita 25. Kowa ta san nawa mai garuwa ke sayar da jarka a unguwarsu, sai ta ninka. Wannan duk daga ɗaki ɗaya, a ruwa ɗaya, kuma yawancinsa kwata yake bi. Masu gona kuma, akwai ma'aunin da masana noma ke amfani da shi a yankin Sahel don gane ruwan shuka: a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere. Yayyafin da bai kai haka ba yakan yaudari mutum ya binne iri ya yi asararsa. Yarinyar da ke riƙe da littafin awo za ta iya ce wa babanta, "Baba, na jiya milimita 6 ne kawai."

Da hunturu ma akwai abin yi. A goga biro na roba a gashi, a kusanta shi da yagaggun takardu, su yi tsalle su manne, irin tartsatsin nan da bargo ke yi da dare in iska ta bushe. Wannan na nishaɗi ne. Mai muhimmancin shi ne na ƙura. A yanka farar takarda gida uku, a shafa wa kowace basilin, a manna ɗaya a bangon tsakar gida, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a madafa kusa da murhu. Bayan kwana uku a jera su a duba. Ta tsakar gida za ta yi ja-ja da hazo. Mafi yawan ƙurar hunturu daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana kiran sa Bodele, tsohon gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe. Iska kan ɗauki wannan ƙura har ta ƙetare teku da ita zuwa Kudancin Amurka. Amma takardar madafa ita ce za ta sa jikin uwa ya yi sanyi, in dai da itace ake girki. Abin da ya manne a kanta, irinsa ne ke shiga ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara. A yi girki inda iska ke wucewa, a yi amfani da busasshen itace, a sauke goyo nesa da murhu, kuma don Allah a daina hura wuta da leda.

Akwai wanda sai babba yana tsaye za a yi shi. A kafa guntun kyandir a faranti a kunna, a kife masa kwalba. Yara su ƙirga har ya mutu. A sake da kwalbar da ta fi girma, za a ga ya fi daɗewa. Wuta tana cin wani sashe na iska, wanda shi ne mu ma muke shaƙa mu rayu. Daga nan sai a yi musu maganar da ta sa muka kawo wannan gwaji. Kurfotin gawayi da ake shiga da shi ɗaki da sanyi a rufe ƙofa da taga, shi ba mutuwa yake kamar kyandir ba. Yana ci gaba da ci a hankali cikin ƙarancin iska, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa mutum, sai kasala, sai barcin da ba a farkawa. Janareta ma ita yake fitarwa, shi ya sa ba a kunna shi a ɗaki ko a zaure ko a gindin taga. Kowa a nan ya taɓa jin labarin gidan da aka wayi gari ba wanda ya tashi. Yaron da ya ga kyandir ya mutu a cikin kwalba, ba sai an yi ta maimaita masa ba, shi ne ma zai tuna wa manya.

Bishiya kuma, a sa reshen darbejiya mai ganye a cikin farar leda, yana nan a jikin uwarsa, a ɗaure bakin. Kafin yamma ledar ta yi gumi, har ruwa ya taru a gindinta. Bishiya tana jawo ruwa daga ƙasa tana sakin sa ta ganye, wato ita ma randa ce babba, shi ya sa inuwarta ta fi ta rumfar kwano daɗi. Sannan a cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawa a kai da saiwarta, ɗaya tsirara, a karkata su, a zuba musu ruwa da buta. Na tsirarar zai gangaro jawur da laka, na mai ciyawar ya fito kusan garai. Zaizayar ƙasa ke nan a faranti. 'Yan'uwanmu manoma na Maraɗi da Damagaram sun nuna abin da za a iya yi. Tun shekarun 1980 suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sare shi lokacin sassabe, musamman gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana. An ƙiyasta sun dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Na leda ba shi da wuya, haƙuri yake so. Da damina a binne ɓawon ayaba a rami ɗaya, leda a wani, a kafa alama. Bayan wata guda a tone. Ɓawon ya kusa zama ƙasa, ledar kuwa tana nan kamar jiya aka sa ta. Ita ce ke toshe kwata ruwa ya shigo gidaje, ita ce mahauta ke ciro ta dunƙule a tumbin akuya. Wannan ya shafi ƙungiya kai tsaye, don zoɓo da kunun aya da ƙuli-ƙuli duk a leda ake ƙulla su. Muna ba da shawarar a sa shi cikin abubuwan da za a tattauna a zama na gaba.

Abu biyu kafin mu zauna. Duk abin da ya shafi wuta ko ruwan zafi ko wuƙa, babba ke riƙewa. Ba fetur, ba kananzir, ba kallon rana kai tsaye. Sannan kada ya zama maza ne ke gwaji, mata na wanke gwangwani. A ba yarinya rula, a ba ta littafi, ita ma ta yi hasashenta ta faɗa da bakinta.

Abin da kwamiti ya tsara shi ne, kafin damina ta faɗi kowace unguwa ta samu aƙalla gida biyu masu gwangwanin awo. Littafi mai ganye ashirin ya isa. Yara za su kawo littattafan a taronmu na kaka, mu jera su mu ga ko ruwan da ya sauka a wannan unguwa shi ne ya sauka a waccan. Masu son haɗa randa cikin randa su ba sakatariya sunayensu yau, don a yi wa magina magana a dunƙule, ya fi sauƙin kuɗi. Gwangwanin madarar da aka sha shayi da ita a wannan taro kuma kada a zubar, akwai buhu a bakin ƙofa.

Shugaba, namu ya ƙare.